Inda ɗalibai ke zubewa: lissafi da shawara a kwalejojin shekara biyu na Amurka

Ka ƙaddara wata mace ce 'yar shekara 28 a wani gari na Amurka. Rabonta da aji shekara goma ke nan, tana aikin dare a gidan kula da tsofaffi, ga yara biyu. Ta ƙudurta komawa karatu don ta zama nas. Ranar da ta je rajista a kwalejin da ke kusa da gidanta, sai aka nuna mata wani ɗaki mai kwamfutoci, aka ce ta shiga ta amsa 'yan tambayoyi, ta kwantar da hankalinta, ba jarabawar ci ko faɗuwa ba ce. Ta shiga ba shiri. Tambayoyin suka zo mata da kason lamba da aljabara, abubuwan da ta taɓa iyawa amma suka yi tsatsa. Kafin ta bar ɗakin an buga mata takarda: sai ta yi kwas uku na share fage a lissafi, ɗaya bayan ɗaya, kafin a bar ta ta zauna ajin lissafin kwaleji na ainihi. Zango uku ke nan, wato shekara ɗaya da rabi. Za ta biya kuɗin kowane kwas, kuma ko ɗaya ba za a lissafa mata shi cikin digirinta ba.

Shekaru da dama haka tsarin yake, kuma miliyoyin mutane sun bi ta wannan ɗaki. Gyaran da ake ta yi wa kwalejojin nan tun wajen 2010 daga nan ya faro.

Su dai waɗannan makarantu, da ake kira kwalejojin al'umma, na gwamnati ne, sun kai kusan dubu a faɗin ƙasar, kuma asalinsu ya koma 1901 lokacin da aka buɗe ta Joliet a jihar Ilinoi. Karatunsu shekara biyu ne a takarda, yunit 60, mutum ya fita da ƙaramin digiri ya kama aiki ko ya wuce jami'a ya cika shekara biyun da suka rage. Abin da ya bambanta su da jami'o'i shi ne ƙofarsu a buɗe take. Duk mai takardar gama sakandare zai shiga, ba ruwansu da irin tankaɗe da rairayar da JAMB ke yi a Najeriya. Kuɗinsu kuma da sauƙi a ma'aunin can, kimanin dala 4,000 a shekara ga ɗan gari. Shi ya sa suka zama makarantun talaka, da ma'aikacin da ya dawo karatu da furfura, da baƙin haure, da wanda shi ne na farko a zuriyarsu da ya taka babbar makaranta. 'Yan Afirka ta Yamma da ke zaune a unguwar Bronx ta birnin Niyok, da yawansu ta irin waɗannan kwalejoji 'ya'yansu ke fara karatu.

Shiga ba wuya, fita ce aiki. Cikin waɗanda suka fara karatu a nan, waɗanda ke samun wata takardar shaida kowace iri cikin shekara shida ba su kai rabi ba. Kusan takwas cikin goma kan ce burinsu cikakken digirin jami'a ne, amma waɗanda ke kai wa gare shi cikin shekara shida kimanin 16 ne cikin 100.

An daɗe ana ɗora laifin a kan ɗaliban da makarantun da suka fito, a ce sun zo ba su shirya ba. Akwai gaskiya a ciki. Maganin da aka ƙirƙiro ma da kyakkyawar niyya aka yi shi: tun da ƙofa a buɗe take, to a auna kowa a bakin ƙofa, wanda ya gaza a mayar da shi baya ya hau tsani a hankali, daga lissafin firamare zuwa share fagen aljabara, zuwa aljabara ta farko, zuwa ta tsakiya. Sannu ba ta hana zuwa, in ji masu magana. Wanda ya san makarantun share fagen shiga jami'a na arewa, irin ta Funtuwa, zai gane manufar, illa dai na Amurka a cikin kwalejin ake yi, ɗalibi yana ganin kansa ya riga ya shiga alhali yana zaure.

A 2010 wasu masu bincike na CCRC, cibiyar nazarin kwalejojin al'umma da ke Jami'ar Kolombiya a Niyok, ƙarƙashin Thomas Bailey, suka bi sawun ɗalibai sama da 250,000 a kwalejoji 57 don su ga ƙarshen masu hawa tsanin nan. Kusan shida cikin goma an tura su share fagen lissafi. Cikin waɗanda aka tura, kashi ɗaya bisa uku ne suka gama hawa. Waɗanda kuwa aka mayar har mataki uku baya, irin matar da muka fara da ita, kimanin ɗaya cikin goma ne ya kai ga cin kwas ɗin lissafin kwaleji. Abin da ya fi ɗaure kai a binciken shi ne da yawa daga cikin waɗanda suka ɓace ba faɗuwa suka yi ba. Wasu ko kwas na farko ba su yi wa rajista ba, suna ganin takardar suka juya gida. Wasu sun ci kwas ɗin, zango na gaba kuma ba su dawo ba.

Wasu malamai biyu a Kalifoniya, Katie Hern mai koyar da Turanci da Myra Snell mai koyar da lissafi, sun yi ta bin taruka suna nuna wa 'yan'uwansu malamai cewa matsalar tsawon tsanin ce, kuma ɗan lissafi kaɗan ya isa ya nuna hakan. Mu gwada da kanmu. Ɗalibin da aka ba kwas uku na share fage yana da mahaɗa bakwai a gabansa: ya ci na farko, ya dawo ya yi rajistar na biyu, ya ci, ya dawo, ya ci na uku, ya dawo ya shiga na kwaleji, ya ci. A ce a kowace mahaɗa mutum 80 cikin 100 suna tsallakewa, wanda ba ƙaramin ƙoƙari ba ne. Ka fara da ɗalibi 100, za ka ƙare da 21. In ka sauke shi zuwa 75 cikin 100, saura 13. Ko da malaman duk gwanaye ne, tsawon hanyar kaɗai ya isa ya cinye mutane, don tsakanin zango da zango ne rayuwa ke shigowa: an canja wa mutum lokacin aiki, mota ta lalace, yaro ya kwanta rashin lafiya, mai gida ya ƙara kuɗin haya. Tallafin karatu na gwamnatin tarayya da ake kira Pell ma yana da iyaka, zango 12 ne a rayuwar mutum, kuma kwas ɗin da ba ya cikin digiri yana ci daga ciki.

Sai kuma aka waiwayi ma'aunin da ake auna mutane da shi. Jarabawa biyu ce ta mamaye kasuwar, Accuplacer da Compass. Judith Scott-Clayton da abokan aikinta suka gano cewa kusan ɗaya cikin huɗu na masu rubuta ta lissafi ana ajiye su a inda bai dace da su ba ko kusa, kuma yawancin kuskuren na mayar da mutum baya ne, wanda da an bar shi ya shiga ajin kwaleji zai ci da kyakkyawan sakamako. Dalilin da ya sa kuskuren ya daɗe ba a gan shi ba yana da ban sha'awa. Idan aka tura ɗalibi gaba ya faɗi, malami yana gani, ya kai ƙara. Idan aka mayar da mai iyawa baya, sai ya zauna shiru ya ci kwas ɗin cikin sauƙi, malami ya ji daɗi, ko kuma ya gaji ya bar makarantar ba wanda ya sani. Binciken ya kuma nuna cewa jimillar sakamakon ɗalibi na shekaru huɗun sakandare ta fi jarabawar awa ɗaya faɗin gaskiya a kansa, don tana nuna wanda ke zuwa aji, mai yin aikin gida, mai jurewa. Kamfanin ACT ya janye Compass daga kasuwa a ƙarshen 2016.

Tambaya ta uku ita ce ta fi tayar da ƙura: shin wane lissafi ma ake nema? Tsanin nan gaba ɗayansa an gina shi ne don ya kai mutum ga kalkulas, lissafin injiniyoyi da masana kimiyyar fiziks. Amma yawancin ɗaliban ba can suka nufa ba. Nas, da ɗan sanda, da ma'aikacin jin daɗin jama'a, da ɗan jarida, abin da za su yi ta karo da shi a aiki shi ne ƙididdiga: kashi nawa cikin ɗari, mene ne matsakaici, shin waɗannan alƙalumman da aka kawo sun tabbatar da abin da ake da'awa ko kuwa dace ne. Uri Treisman na cibiyar Dana a Jami'ar Teksas da ke Austin, wanda ya taɓa kwatanta share fagen lissafi da maƙabartar burin ɗalibai, yana cikin waɗanda suka tsaya kai da fata cewa a raba hanya: masu kimiyya da injiniyanci su bi ta aljabara, masu ilimin zamantakewa da lafiya su bi ta ƙididdiga, sauran su bi ta lissafin rayuwar yau da kullum, irin na bashi da riba da haraji. Gidauniyar Carnegie ita ma ta fito da kwasa-kwasanta, Statway da Quantway, a farkon shekarun 2010. A 2017 shugaban kwalejojin Kalifoniya na lokacin, Eloy Ortiz Oakley, ya fito fili ya ce bai kamata a ci gaba da wajabta aljabara ta tsakiya ga wanda ba kimiyya zai karanta ba.

Daga nan aka samu abin da zan kira tsarin rakiya. Maimakon a ce wa ɗalibi je ka shirya ka dawo, sai a saka shi ajin kwaleji kai-tsaye, a haɗa masa wani ɗan aji na taimako a zangon guda, awa biyu ko uku a mako, inda ake koya masa abin da yake bukata daidai lokacin da bukatar ta taso. Idan jibi za a yi amfani da kason lamba a ajin ƙididdiga, yau za a tuna masa shi. Peter Adams ne ya fara yin fice da wannan dabara a ajin Turanci na kwalejin gundumar Baltimo a 2007, daga baya ta tsallaka lissafi.

Gwajin da na fi yarda da shi a wannan fanni shi ne na jami'ar birnin Niyok, CUNY, a 2013, don ƙuri'a aka jefa, ba wanda ya zaɓi ajinsa. Alexandra Logue da abokan aikinta suka ɗauki ɗalibai 907 a kwalejoji uku, dukkansu jarabawa ta ce suna bukatar share fagen aljabara. Aka kasa su uku. Kashin da ya yi share fagen da aka saba, 39 cikin 100 suka ci. Kashin da ya yi share fagen tare da ajin taimako, 45. Kashin da aka jefa cikin ƙididdigar kwaleji kai-tsaye tare da ajin taimako, 56. Wato kwas ɗin da aka ce ba su isa shiga ba shi suka fi ci. Bayan shekara uku, kusan 25 cikin 100 na 'yan ƙididdiga sun kammala karatu, na 'yan tsohon tsari kuwa kimanin 17.

Jihohi suka ɗauka. Fulorida ta yi doka a 2013 wadda ta sauke wa mafi yawan waɗanda suka gama sakandaren gwamnati a jihar wajibcin rubuta jarabawar tantancewa, share fage ya koma ganin dama. Tenesi ta mayar da kwalejojinta 13 kan tsarin rakiya a 2015, kuma adadin masu cin lissafin kwaleji a shekararsu ta farko, cikin waɗanda a da za a mayar baya, ya tashi daga kimanin 12 cikin 100 zuwa sama da rabi. Teksas ta biyo baya da dokarta a 2017. Kalifoniya, mai kwalejoji 116 kuma mafi yawan ɗalibai a ƙasar, ta fi kowa tsanani. Dokarta ta 2017, AB 705, ta juya hujja kan makaranta: ba za ki mayar da ɗalibi baya ba sai kin nuna cewa da wuya ƙwarai ya ci ajin kwaleji, kuma dole ki duba sakamakonsa na sakandare. A 2015 kimanin 21 cikin 100 na sababbin ɗaliban lissafi ne ke farawa daga matakin da jami'a ke karɓa. A 2019 sun kai 78. Waɗanda ke cin wannan mataki a zango ɗaya suka tashi daga 14 zuwa 40 cikin 100.

Akwai wani abu a alƙalumman nan da ke haddasa gardama tsakanin malamai da mahukunta, kuma kowannensu gaskiya yake faɗi. Malami yana duba ajinsa. A da ɗalibai 30 zaɓaɓɓu ke gabansa, yawancinsu suna ci. Yanzu an cika masa aji da waɗanda wasunsu ba su iya tara kason lamba ba, masu faɗuwa sun ƙaru, sai ya ce an lalata karatu. Shugaban makaranta kuwa yana ƙirga ne daga bakin ƙofa: cikin duk 100 da suka shigo, nawa suka fita da lissafi a hannu? Nan adadin ya ninka. Waɗanda malamin ke gani suna faɗuwa a gabansa yau, a da ma suna faɗuwa, sai dai a ƙasan tsani inda idonsa ba ya kaiwa.

Duk da haka ba na ganin a yi watsi da koken malaman. Lokacin da Kalifoniya ta ƙara ɗaure dokar a 2022 da AB 1705, wadda ta kusan share azuzuwan share fage baki ɗaya har ta taɓa matakan da ake bi kafin a kai kalkulas, malamai da yawa sun yi ta ƙorafi cewa an rufe ƙofa ga wanda shi da kansa yake son ya koma baya, kamar dattijon da ya shekara ashirin bai riƙe alƙalami ba, ko baƙon da karatunsa ya yanke a ƙasarsu. Kuma 40 cikin 100 da ake murna da shi yana nufin 60 ba su ci ba a zangon farko. Akwai kuma wani hatsari da ya fi wannan ɓoyuwa. Hanyar ƙididdiga tana da sauƙin bi, amma ba ta kai mutum ajin injiniyanci ko kimiyyar kwamfuta, inda albashi mai tsoka yake. In aka yi sake, 'ya'yan baƙar fata da 'yan asalin Latin Amurka, waɗanda su ne tsohon tsanin ya fi tarewa, su za a riƙa kora wa hanya mai sauƙi, a yi gudun gara a faɗa gidan zago.

Ba a nan kaɗai rina ta rage a kaba ba. Masu bincike na CCRC, Florence Ran da Yuxin Lin, sun koma kan alƙalumman Tenesi, suka tabbatar cewa tsarin rakiya ya ƙara yawan masu cin lissafin kwaleji, kuma wani babban kaso na nasarar ya zo ne daga sauya wa ɗalibai hanya daga aljabara zuwa ƙididdiga. Amma da suka duba ci gaba da karatu, da wucewa jami'a, da karɓar digiri, ba su ga wani bambanci na a-zo-a-gani ba. An buɗe wata ƙofa da ta daɗe a kulle, mutane sun wuce, sai suka je suka zube a gaba. Gwajin Niyok ya nuna ƙarin masu kammalawa, na Tenesi bai nuna ba, kuma wanda ke son gaskiya dole ya riƙe duka biyun.

Wannan ne ya kai mu teburin mashawarci, wato ma'aikacin da aikinsa shi ne ya zauna da ɗalibi ya tsara masa kwasa-kwasai. Da ma gyaran lissafin ya riga ya ƙara masa nauyi, don muddin hanya ta rabu uku, ɗalibi ba zai san wadda zai bi ba sai ya san inda za shi. Yaron da ya shigo bai yanke shawara ba, in ya ɗauki ƙididdiga yau, badi ya ce injiniya yake so, ya yi asarar shekara. A kwalejoji da yawa kuwa mashawarci ɗaya ɗalibai ɗaruruwa ke kansa, wani wurin sama da dubu. Ganawar ba ta wuce 'yan mintuna a makon rajista, kowa na layi, kuma ba lalle ka sake samun wanda ka gani bara ba. Bailey da abokansa Shanna Jaggars da Davis Jenkins sun kwatanta irin wannan makaranta a 2015 da gidan abincin da aka jera kwanuka ɗaruruwa aka ce kowa ya zuba da kansa. Ɗan masu ilimi yana da uwa ko wa da zai ce masa ɗauki wancan, bar wannan. Wanda ba shi da kowa sai ya cika faranti da abin da jami'ar da yake son komawa ba za ta karɓa ba, ya tara yunit fiye da 60 ba digiri. Shawarar da suka bayar, wadda ɗaruruwan kwalejoji suka runguma, ita ce a tattara fannoni zuwa 'yan manyan rukunai kamar lafiya, kasuwanci, kimiyya da fasaha, ɗalibi ya zaɓi rukuni tun ranar farko, a ba shi taswirar abin da zai ɗauka zango bayan zango har ƙarshe.

Taswira a takarda ba ta kiran mutum a waya idan ya daina zuwa aji. An gwada ƙara shawara kaɗan-kaɗan, an ga iyakarta. A wani gwaji da ƙungiyar bincike ta MDRC ta yi a kwalejoji biyu na Ohayo, an rage wa mashawarta yawan ɗalibai, aka ba ɗaliban ɗan kuɗin alawus na zango biyu. Sun ɗan fi takwarorinsu yayin da shirin ke gudana, da ya ƙare bambancin ya dusashe. An kuma zuba kuɗi a manhajojin da ke kaɗa ƙararrawa idan ɗalibi ya fara tangaɗi, amma gwaje-gwajen da aka yi sun nuna ƙararrawa ba ta da amfani sosai in babu isassun mutanen da za su amsa ta. Jami'ar Jihar Jojiya da ake yawan ba da misali da ita ta kafa irin wannan manhaja a 2012, sai dai ta haɗa da ɗaukar ƙarin mashawarta da dama, abin da masu kwaikwayonta kan manta.

Shirin da ya fi kowane tabbatar da kansa shi ne ASAP, wanda CUNY ta fara a 2007 da kuɗin birnin Niyok zamanin magajin gari Michael Bloomberg. Yarjejeniya ce mai ɓangare biyu. Ɗalibi ya yarda zai yi karatu na cikakken lokaci, zai gama share fagensa da wuri, zai riƙa zuwa wurin mashawarcinsa. Ita kuma makaranta za ta cike masa gibin kuɗin makaranta da tallafi bai rufe ba, ta ba shi littattafai kyauta, ta ba shi katin hawa jirgin ƙasa da bas na birni. Mashawarcin mutum ɗaya ne daga shiga har fita, ɗalibansa 60 zuwa 80 a farkon shirin, kuma ana ganawa sau biyu a wata. Dabarar da ta fi burge ni ita ce ɗaure katin jirgin da ganawar: in kana son katin wata mai zuwa, sai ka cika sharuɗɗan wannan watan. Saurayin da ba zai taɓa zuwa ya ce yana cikin damuwa ba zai zo karɓar kati, da ya zauna kuma magana ta fito, a gano ya daina shiga ajin safe saboda an mayar da shi aikin dare, a nemo masa mafita tun makon uku ba sai sakamako ya fito ba.

MDRC ta gwada shirin da ƙuri'a a kan ɗalibai 896 masu ƙaramin ƙarfi, waɗanda ke bukatar kwas ɗaya ko biyu na share fage, a kwalejoji uku. Bayan shekara uku, 40 cikin 100 na 'yan ASAP sun karɓi digiri, na sauran 22. Ƙungiyar ta ce ba ta taɓa ganin tasiri mai girman wannan a wani shirin kwalejin al'umma da ta auna ba. Bayan shekara shida tazarar ta ragu zuwa kimanin maki 10, alamar cewa wasu daga cikin 'yan shirin da ma za su gama, hanzarta su aka yi, amma ba ta rufe ba. Masu shakka suka ce ai Niyok ce, mai jirgin ƙarƙashin ƙasa da yara matasa. Sai aka kai shirin kwalejoji uku na Ohayo a 2015, ta Sinsinati, da Cuyahoga a Kilibland, da ta gundumar Lorain, inda ɗaliban suka fi shekaru, da yawa iyaye ne masu aiki. A maimakon katin jirgi aka riƙa ba su katin dala 50 a wata na man mota ko cefane. Sakamakon ya zo kusan iri ɗaya: 35 cikin 100 a kan 19 bayan shekara uku. Da aka bi su zuwa shekara shida, 'yan shirin sun fi sauran samun kuɗi a wurin aiki da kusan dala 2,000 a shekara.

To me ya sa kowace jiha ba ta kwafa ba? Kuɗi. A gwajin farko na Niyok kowane ɗalibin ASAP ya ci fiye da dala 16,000 ƙari cikin shekara uku, wato sama da kashi 60 cikin 100 a kan abin da aka saba kashewa. Gaskiya ne in ka raba kuɗin da yawan digirin da aka samu, kowane digiri ya fi araha a ƙarƙashin shirin, amma baitulmalin jiha ba da digiri yake biyan albashi ba, da kasafin bana yake biya. Gyaran lissafi kuwa kusan kyauta ne ga majalisa: a rubuta doka, a soke jarabawa, a sake jera azuzuwa, nauyin ya faɗa kan malamai, waɗanda da yawansu ma na wucin-gadi ne da ake biya kwas-kwas. Ina ganin wannan ne ya sa cikin shekara goma dokokin share fage suka bazu daga jiha zuwa jiha, shi kuwa ɓangaren mashawarci da kuɗin mota yake tafiyar hawainiya, duk da cewa hujjarsa kan kammala karatu ta fi ƙarfi. Ana yawan ambaton su tare a taruka kamar tagwaye, amma ɗaya ya cire wani shinge ne da makaranta ta gina da hannunta, ɗayan kuwa yana kokawa da abin da ke wajen makaranta: aiki, da haya, da yara, da rashin wanda zai tambaye ka ina aka kwana.

CUNY kanta da ta faɗaɗa ASAP zuwa ɗalibai kusan 25,000 a shekara, sai da ta rage tsadarsa, mashawarci ya koma riƙe mutum 150, a riƙa ganin masu rauni fiye da waɗanda suka kama hanya. A 2022 kuma ta kammala soke tsoffin azuzuwan share fage a kwalejojinta, ta koma tsarin rakiya, don haka ɗalibin da ya shiga shirin a unguwar Bronx ko ta Kwins yau yana samun gyaran biyu a tare. A Ohayo an tafiyar da shirin da ƙasa da dala 2,000 a shekara kan kowane ɗalibi, kuma ya kusan ninka masu kammalawa. Da kuɗin masu tallafa wa gwajin suka ƙare, kwalejin Lorain ce kaɗai cikin ukun ta ci gaba da shi daga aljihunta.